Doki 60, 75 ko 85: wace tarakta ya kamata ƙungiyarmu ta saya?

Sakataren ƙungiyar manoma, Saminaka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma a yankin Saminaka, cikin ƙaramar hukumar Lere ta jihar Kaduna. Mu goma sha takwas ne, kuma idan aka haɗa gonakinmu za su kai hekta 60. Masara da waken suya muka fi nomawa a tudu, sai kimanin hekta takwas na fadama inda wasu daga cikinmu ke yin shinkafa. Shekara uku ke nan muna ware wani abu bayan kowace kaka domin mu mallaki taraktarmu, saboda da zarar ruwa ya zauna sai kowa ya bazama neman mai tarakta, wanda ba shi da babbar gona kuwa sai ya yi ta jiran layi har ciyawa ta rufe masa fili. Bara ni kaina kwana goma sha tara na yi ina jira bayan na ba da kafin alƙalami, kuma na ga abin da jinkirin shukar ya yi wa masarata ranar da aka auna ta.

Yanzu kuɗin ya kusa isa, an kuma ɗora mini nauyin bincike tare da ma'ajinmu. Mun zaga Kaduna da Kano, mun dawo da farashi biyar. Akwai Massey Ferguson 375 ƙirar Pakistan mai doki 75 (doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji), wadda ke ja da tayoyin baya kawai. Akwai yayarta 385 mai doki 85 da ke ja da ƙafa huɗu, kuma farashinta ya ɗara na farkon da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Akwai John Deere 5075E, ita ma doki 75, ita ce mafi tsada a cikin duka. Akwai Sonalika ƙirar Indiya mai doki 60, wadda ta fi sauran sababbin sauƙi. Sannan wani dillali ya nuna mana tsohuwar 375 ta hannu da ya ce daga Ingila aka kawo ta, a kan kusan rabin kuɗin sabuwa, kuma da yawa daga cikin dattawanmu hankalinsu ya karkata gare ta, domin a cewarsu ƙarfen Ingila ba ya mutuwa.

Abin da na yi shi ne na raba kowane farashi da yawan dokin da aka rubuta, domin in ga nawa doki ɗaya ya kama a kowace. Da wannan lissafi ta hannun ce ta zo ta ɗaya, sai 375 sabuwa ta biyo ta. Amma hankalina bai kwanta ba, domin kuɗin mutane ne, cikinsu har da zawarawa biyu da suka sayar da tumakinsu suka zuba. Ina roƙon waɗanda suka san wannan harka su gaya mini ko lissafina yana kan hanya, da kuma ko gonaki irin namu suna bukatar doki 75 da gaske, ko 60 ta isa, ko kuwa mu daure mu ƙara shekara guda mu ɗauki 85.

Injiniya mai ritaya, Zariya

Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, Allah ya sanya albarka a wannan haɗin kai naku. Zan fara da lissafin da ka yi, domin a daidai wannan gaɓar masu saye da yawa suke kauce hanya. Lambar da ake rubutawa a jikin tarakta ƙarfin injin ne shi kaɗai kamar yadda aka auna shi a masana'anta, wani lokacin ma kafin a ɗora masa fanka da sauran abubuwan da ke shan ƙarfinsa. Kafin ƙarfin nan ya kai ga garma sai ya ratsa kuloci da giya da famfon haidirolik, kowanne yana cire rabonsa. Ma'aunin da ya fi gaskiya wajen kwatanta tarakta da tarakta shi ne ƙarfin da ke fitowa a sandar PTO, wato guntun ƙarfen nan mai haƙora da ke juyawa a bayanta sau 540 a minti ɗaya, wanda ake haɗa injin sussuka ko na feshi ko na dama laka da shi. A yawancin taraktoci abin da ke isa wurin bai wuce kashi 80 zuwa 87 cikin 100 na ƙarfin injin ba, shi ya sa za ka ga mai doki 75 a jiki tana ba da wajen 60 zuwa 65 a sanda. Abin da ke isa ƙasa ta hanyar taya kuwa ya fi haka raguwa. Ka kuma lura cewa wasu takardun da kilowat suke rubutu: doki ɗaya wat 746 ne, saboda haka doki 75 ya kama kusan kilowat 56, kuma dokin da Turawan nahiyar Turai ke lissafi da shi ya ɗan gaza wannan kaɗan.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. A jihar Nebraska ta Amurka sai da aka kafa doka a 1919 cewa ba za a sayar da tarakta ba sai an gwada ta an tabbatar da abin da mai ƙera ta ya faɗa, aka fara gwajin a 1920, kuma har yau ana yi a jami'ar jihar. Indiya tana da irin wannan cibiya a Budni, mu ma muna da NCAM a Ilori, wadda gwajin taraktoci da kayan noma yana cikin aikinta. Don haka ka koma wurin kowane dillali ka nemi takardar bayanin samfurin da zai sayar maka, ka duba layin da aka rubuta ƙarfin PTO, ka kuma tambaye shi rahoton gwaji. Wanda yake wakilin kamfani na haƙiƙa ba zai sha wahalar fito da su ba.

Game da biyun da ke da doki 75, injinansu ba iri ɗaya ba ne. Ita 375 da kamfanin Millat ke ƙerawa a Lahore da lasisin Massey Ferguson, injinta zubin Perkins ne mai silinda huɗu, girmansa wajen lita huɗu, ba shi da turbo. Ita kuwa 5075E da ake ƙerawa a Pune ta Indiya silinda uku gare ta, lita 2.9, turbo ne ke cusa mata iska har take kai wannan ƙarfi. Babban injin da ba shi da turbo yana da haƙuri, yana jure sakaci, kuma idan garma ta ci karo da ƙasa mai tauri yakan yi nishi ya wuce. Ƙaramin inji mai turbo yakan fi tattalin mai idan aka kula da shi, ba ya kuma rasa ƙarfi sosai a kan tudu, alhali wanda ba shi da turbo yana rasa kusan kashi uku cikin 100 a duk hawan mita 300. A Jos, inda tsayin ya kai wajen mita 1,200, wannan abin lissafawa ne, amma a wajenku bai kai ya yanke hukunci ba. Sharaɗin turbo shi ne baƙin mai mai kyau a kan lokaci, da matatar iska mai tsabta, da direban da zai bar injin ya yi minti biyu ko uku yana numfashi kafin ya kashe shi bayan aiki mai nauyi.

Abin da ba ya cikin lissafinka gaba ɗaya shi ne nauyi da riƙon ƙasa. Tarakta mai ƙarfi amma marar nauyi taya kawai za ta yi ta murzawa, gas yana ƙonewa, aiki ba ya tafiya. Ga mai ja da baya kawai, sulɓin taya da ake so yayin huɗa yana tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100, kuma za ka iya auna shi da alli: ka yi wa tayar baya alama, ka auna nisan da za ta yi a juyi goma garma tana sama, ka sake aunawa garma tana cikin ƙasa, bambancin shi ne sulɓin. Idan ya yi yawa ana zuba ruwa a cikin taya ko a ɗaura ƙarafan nauyi, ba ƙarin doki ake nema ba.

Yanzu ga gonakinku. Garma mai faifai uku faɗin aikinta bai kai mita ɗaya ba, ka ce santimita 90. Idan ana tafiya kilomita shida a awa, aka cire lokacin juyawa a bakin gona da tsayawa, za ta yi kusan kashi huɗu cikin goma na hekta a awa guda, wato awa biyu da rabi ga hekta. Haro mai faɗin mita biyu yana cin hekta ɗaya a awa ko ɗan fiye, rija mai yin kunya ma kusan haka. Idan ka ɗaura garma mai faifai uku ga mai doki 85, faɗin da za ta yanka shi ne dai wanda mai 75 za ta yanka, saboda haka ƙarin doki goman ba zai rage muku ko kwana ɗaya ba sai idan kun sayi kayan aiki masu faɗi da suka dace da shi. Mai doki 60 za ta ja haro da rija ba tare da matsala ba, amma a jar ƙasa mai nauyi irin ta kudancin Kaduna, musamman farkon damina kafin ruwa ya ratsa ta, za ta riƙa aiki a ƙarshen ƙarfinta da faifai uku, injin da kullum yake kan iyakarsa kuwa ba ya tsufa da kyau. A ganina ajin 75 ne naku. Darajar 385 ɗin da aka nuna muku tana cikin jan ƙafa huɗun, ba cikin dokin ba.

Makanikin tarakta, Kano

Sallama gare ku baki ɗaya. Injiniya ya yi bayanin da ba ni da abin gyarawa a ciki, ni dai zan yi magana daga inda tarakta ke zuwa bayan ta tsaya. Na fara wannan sana'a tun lokacin da Steyr da ake haɗawa a Bauchi da Fiat da ake haɗawa a nan Kano suke cike da gonaki, kuma taraktoci ne masu ƙarfi ƙwarai. Abin da ya kwantar da mafi yawansu ba rashin doki ba ne, masana'antun ne suka tsaya, kayan gyara suka yi wuya, sai aka riƙa cire na wannan ana sa wa waccan har aka bar gangar jiki a harabobi tsatsa na ci. Wannan darasi har yau bai canza ba.

Malam Sakatare, aikin share fili a wajenku bai wuce mako huɗu zuwa shida ba. Taraktar da ta tsaya kwana ashirin a cikin wannan lokaci ta yi asarar shekara ne, ko da dokinta ɗari. Shekaru kaɗan da suka wuce an kawo mini wata sabuwa fil, ba zan ambaci sunanta ba, wadda aka saya saboda arha da kuma babbar lambar da ke jikinta. Ƙaramin bawul ne ya lalace a haidirolik ɗinta, abin da za ka rufe a tafin hannu, amma muka duba Ƙofar Ruwa, muka aika Panteka a Kaduna, muka aika Legas, babu. Kwana arba'in ta yi a garejina kafin a kawo shi daga waje, lokacin masara ta kai gwiwa a gonakin maƙwabta, mai ita kuma yana biyan bashin banki. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka rubuta abubuwan da dole sai an canza su: matatar baƙin mai, matatar gas, matatar iska, farantin kuloci, famfon ruwa, nozul, famfon haidirolik, bel ɗin fanka, ringi da fistin. Ka ɗauki takardar ka shiga kasuwar kayan gyara mafi kusa da ku, ka tambayi kuɗin kowanne ga kowace tarakta, ka kuma ce a nuna maka shi a hannu, kada a ce maka za a kawo. Amsar da za ka samu a ranar ta fi takardar dillali faɗa maka farashin gaskiya.

A wannan fanni Massey mai injin Perkins tana da rinjaye a Arewa, domin ta daɗe a hannun mutane, kusan kowane babban gari akwai wanda ya iya kwance ta, kayanta kuma akwai na asali akwai na kwaikwayo, sai mai saye ya buɗe ido. Kayan John Deere galibi ta hannun wakilin kamfani ake samu, suna da inganci, suna da tsada, don haka ka tambayi inda rumbunsa mafi kusa yake da kuma kwana nawa makanikinsa ke ɗauka kafin ya iso gona. Taraktocin Indiya irin su Sonalika da Mahindra sun yawaita a 'yan shekarun nan, injinansu ba su da rikitarwa, kuma wannan tambayar ce dai za ka yi wa mai sayar da su.

Batun ta hannu kuwa, ina girmama ra'ayin dattawanku, kuma gaskiya ne an yi ƙarfe mai kyau a Coventry. Amma an daina ƙera wannan jeri na 300 a Ingila tun cikin shekarun 1990, ke nan duk wadda aka ce maka daga can take ta haura shekara ashirin da biyar, sabon fenti kuma ba ya mayar da inji yaro. Idan har za ku duba ta, ku je da makanikinku da sassafe kafin a tayar da ita, ku taɓa injin ku tabbatar da sanyi yake. Ku ga ko za ta tashi a bugu ɗaya. Shuɗin hayaƙi alamar tana shan baƙin mai ne, iska mai ƙarfi daga bututun numfashin inji kuwa alamar ringi sun gaji. Ku buɗe lagireto ku ga ko mai ya haɗu da ruwa. Ku ɗaura mata garma, a ɗaga sama, a kashe injin, ku tsaya ku ga ko garmar za ta riƙa sauka da kanta. Kada ku dogara da agogon awa, domin ana canza shi. Ku dubi yadda wurin taka kuloci da na birki suka side da kuma yadda ramin da ake ɗaura tirela ya faɗaɗa. Ku tambayi kuɗin tayoyin baya biyu sababbi kafin ku yi ciniki, domin su kaɗai suna iya cinye babban kaso na rangwamen da kuke murna da shi. Mutum ɗaya mai garejinsa zai iya riƙe irin wannan tarakta ya ci riba, amma ƙungiyar mutum goma sha takwas da kowa ke jiran layinsa, ban ba ku shawarar ta zama ta farinku ba.

Manomi daga Daura

Ina so in ƙara abu ɗaya saboda masu karatu da ke arewacin Katsina da Jigawa da tsallaken iyaka wajen Maraɗi da Damagaram, kada su ɗauka cewa 75 ita ce amsar kowa. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ne, ba ma ma son a zurfafa huɗa domin iska da ruwa suna kwashe ta. Shekara shida ina aiki da Massey Ferguson 240 mai doki 50 da silinda uku, tana yi mini haro da kunya a gonakin gero da gyaɗa da wake, da rani kuma tana jan taki zuwa gona, kuma gas ɗin da take sha bai kai na manyan ba. Da na bi masu cewa babba ita ce tarakta, da na biya kuɗin dokin da ba zan taɓa amfani da shi ba. Shawarar Injiniya ta dace da ƙasar Lere, amma kowa ya fara da duba ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Shugabar ƙungiyar mata manoman shinkafa, Kura

Assalamu alaikum. Malam Sakatare, maganar zawarawan nan biyu ce ta sa na ga dole in sa baki, domin mu ma da irin wannan kuɗi muka sayi tamu shekara huɗu da suka wuce. Da farko ina ɗan saɓa wa Injiniya a kan wucewa da ya yi da batun ƙafa huɗu a gurguje. Mu a nan cikin aikin noman rani na Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke zuwa, mun ga yadda mai ja da baya kawai ke nutsewa a laka har sai an nemo wata ta ciro ta, yini guda ya tafi, an kuma ɓata wa mai gona fili. Idan kuna da niyyar yin haya a fadama ko ku shigo wuraren noman rani bayan kaka, ƙarin kuɗin 385 ɗin zai dawo. Idan kuwa hekta takwas ɗin nan ne kawai, gara ku yi musu haro da wuri kafin fadamar ta sha ruwa, ko ku nemi ƙaramin injin huɗa na turawa da hannu, wanda shi ya fi dacewa da ƙananan fangalolin shinkafa.

Abu na biyu shi ne kuskuren da muka yi, ina kuma roƙon kada ku maimaita shi. Mun zuba duk abin da muka tara a kan taraktar kanta, ranar da aka kawo ta muka yi walima, kashegari muka farga cewa ba mu da haro, ba mu da tirela, ba mu da kuɗin cika tanki. Daminar farko da kayan aro muka yi ta, masu kayan kuma sai sun gama nasu suke ba mu. Farashin da ya kamata ka kwatanta shi ne na tarakta tare da garma da haro da rija da tirela, da kuɗin ɗauko ta zuwa garinku, da rumfar da za ta kwana, da albashin direba, da gas na aƙalla wata guda, da baƙin mai da matatu na canji biyu, tun da kusan duk awa 250 ake juye mai, sannan da wani abu a ajiye domin ranar da ba a fata. Ka tambayi kowane dillali a rubuce me ke cikin farashinsa, garantin shekara nawa ne ko awa nawa, wa zai yi sabis na farko, kuma ko zai koya wa direbanku aiki. Sau da yawa wadda ta fi tsada a baki takan sauko kusa da sauran idan aka jera waɗannan, wadda ta fi arha kuma ta hau.

Ka kuma tambayi kwana nawa farashin zai tsaya. Dukkan waɗannan taraktoci da dala ake shigo da su, kuma kowa ya ga abin da ya faru bayan an saki naira a watan Yunin 2023, lokacin da dalar da ake canzawa ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Saboda haka shawarar ƙara shekara guda domin a kai ga 85 tana da haɗari, kuna iya tarawa farashin yana gudu a gabanku.

Na ƙarshe shi ne direba. Yaron da bai san bambancin giyar huɗa da ta hanya ba, ko wanda zai zagaya da dare ya yi wa wani aiki ya sa kuɗin a aljihu, ya fi kowace irin ƙasa saurin kashe tarakta. Mu mun sa mata na'urar bin sawu irin wadda kamfanin Hello Tractor ya yaɗa, muna ganin inda take da awoyin da ta yi a waya, kuma tun daga nan rigimar lissafi ta ragu a tsakaninmu.

Injiniya mai ritaya, Zariya

Hajiya ta yi gaskiya, na kuma karɓi gyaranta a kan laka. Maganarta ta haya ce ta tuna mini da lissafin da ban ƙarasa ba. Idan aka yi wa hekta 60 garma da haro da rija, awoyin su ne 150 da 60 da 60, jimla 270, idan kuma haro da rija kawai ake yi kamar yadda manoma da yawa suke yi, 120 ne. Mu ɗauka a misali kawai an sayi tarakta naira miliyan 30, kuma za ta yi awa 10,000 kafin ta gaji. Idan ta cika waɗannan awoyi, kowace awa ta ci naira 3,000 daga kuɗin sayenta. Idan kuwa awa 300 kawai take yi a shekara, cikin shekara goma ta yi 3,000, kowace awa ta tashi a kan naira 10,000 kafin a zuba gas ko a biya direba, tsufa kuma yana cin roba da taya da batir ko tana aiki ko tana ajiye. Ke nan gonakinku kaɗai ba za su riƙe kowace daga cikin biyar ɗin ba. Dole ta yi wa maƙwabta aiki, ta yi dakon amfanin gona da kaka, ta juya injin sussukar masara, kuma masu taraktocin haya da yawa suna bin damina ne, su fara daga Nasarawa da Neja a Afrilu, su hauro Kaduna, su ƙarasa Kano da Jigawa a Yuni da Yuli. Ƙungiyar masu taraktocin haya ta TOHFAN wuri ne da za ku iya jin yadda ake tsara wannan. Amsar tambayar ƙafa biyu ko ƙafa huɗu tana cikin inda kuka yanke za ta riƙa zuwa neman waɗannan ƙarin awoyi.

Sakataren ƙungiyar manoma, Saminaka

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa 'yan kwamiti amsoshinku jiya bayan la'asar, mun kuma daɗe a kan maganar Baba makaniki, domin dattijon da ya fi kowa son ta Ingilan shi ne da kansa ya ce a ajiye batunta da ya ji shekarunta. Mun cire ta, mun kuma cire mai doki 60 saboda nauyin ƙasarmu. Da muka zauna da ma'aji muka ƙara kuɗin haro da rija da tirela da gas na wata guda kamar yadda Hajiya ta ce, sai muka ga abin da ke hannunmu ba zai kai ga 385 ba a bana, zai dai iya ɗaukar ɗaya daga cikin masu doki 75 idan muka jinkirta sayen garma zuwa baɗi.

Ranar Litinin in Allah ya yarda ni da ma'aji za mu shiga Kaduna da takardar kayan gyaran nan guda tara, mu ji kuɗin kowanne ga 375 da 5075E, mu kuma nemi takardar ƙarfin PTO da sharuɗɗan garanti a rubuce daga dillalan biyu. Masu fadama sun amince a yi musu haro a farkon layi kafin ruwa ya cika ta. Baba makaniki, ina da sauran tambaya ɗaya gare ka: a cikin kayan Perkins da ka ce akwai na asali akwai na kwaikwayo, ta yaya mutum irina zai bambance matatar gas ta ƙwarai da jabu idan an ajiye masa su biyu a kan kanta?